Motar Tafi-da-gidanka: Me Ya Sa Iskar da Ke Tsayar da Tan 15 Take Kasa Cika Taya Ɗaya?

A Amurka da Kanada akwai wata irin mota da mutum kan saya ya mayar da ita gidansa. A cikinta akwai gado da kicin da banɗaki da firij, wata har da injin wanki. Da yawa daga cikin masu ita 'yan fansho ne, in sanyi ya shigo su gangara kudu zuwa Arizona ko Fulorida, in ya wuce su juyo arewa. Mu in an ce "tafi-da-gidanka" waya muke tunawa ko kotu, to ga wadda ta ci sunan da gaske. Garin Elkhart da ke jihar Indiyana shi ne babbar cibiyar ƙera su. Manyan cikinsu sukan haura mita 13 a tsayi, nauyinsu ya kama daga tan 15 zuwa sama da 20, injin dizal ɗinsu kuma a baya yake kamar na manyan bas-bas na dogon zango.

Irin waɗannan manyan suna da injin matsa iska a jikinsu, wato kwamfiresa, da tankunan ajiye iskar. Da wannan iska suke taka birki, a kanta kuma gangar jikin motar take zaune. Amma sai ka ga mai motar ya jona tiyo a tankin don ya ƙara wa tayar gaba iska kaɗan, ya tsuguna minti goma, allurar geji ko motsi ba ta yi ba. Wani ma in ya cire tiyon sai ya tarar iskar tayar raguwa ta yi. Ƙarshenta dai ya je ya sayi wata 'yar kwamfiresa da ba ta fi kwalin takalmi girma ba, ita ce za ta yi masa aikin da babbar ta kasa. Yaya aka yi haka?

Talatin da biyar ɗin me?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ji ana cewa "sa mata talatin da biyar". Wannan lamba ma'auninta psi, ma'ana nauyin fam nawa iska take dannawa a kan kowane inci ɗaya murabba'i na cikin taya. A Turai an fi amfani da bar, kuma bar 1 ya yi daidai da psi 14.5. Ita kanta iskar da muke shaƙa tana danna mu da psi 14.7 a gaɓar teku, ba ma ji ne kawai saboda jikinmu yana turawa daga ciki da irin wannan ƙarfin. Geji ba ya lissafa wannan 14.7 ɗin, abin da ya ƙaru a kansa yake nunawa.

Tayar ƙaramar mota takan tsaya a psi 30 zuwa 35. Ta babbar motar gida kuwa, wadda wilinta yake inci 22.5 irin na tirela, takan nemi daga 90 zuwa 120 gwargwadon nauyin da aka ɗora mata. Mu ɗauki 110. In ka haɗa da 14.7 ka raba, za ka ga iskar cikin tayar an matse ta kusan sau takwas da rabi. Wannan lissafi dokar Robert Boyle ce ta shekarar 1662: in ka matse iska ta koma rabin wurin da take, matsinta zai ninka, muddin zafinta bai canza ba.

Sai doka ta biyu, wadda duk rubutun nan a kanta ya rataya. Iska ba ta san taya ba, ba ta san tanki ba. Daga inda matsi ya fi yawa take tafiya zuwa inda ya yi ƙasa, kamar ruwa da gangare. In gangaren ya yi tsanani ta yi gudu, in ya kusa zama shimfiɗe ta yi ta jan jiki, in ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki ta tsaya cak. Ka riƙe wannan, mai karatu.

Iskar da ke jikin motar

Tsarin iskar babbar motar gida shi ne dai na tirelolin da ke bin hanyar Kano zuwa Legas, kuma asalinsa daga jirgin ƙasa ne, inda George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a 1869. Injin motar ne yake juya kwamfiresa. Iskar da ta matso takan bi ta cikin wata na'ura mai tsotse laima, sannan ta shiga tankuna. Daga nan a raba ta: wata ta tafi birki, wata ta tafi jakunkunan roba da ke maye gurbin sifirin a ƙarƙashin motar, wata ta tafi ham.

Mai kula da kwamfiresar wata 'yar na'ura ce da makanikai ke kira gwamna, kuma sunan ya dace da shi, domin shi ke cewa a yi ko a bari. In matsin tanki ya kai wajen psi 125 sai ya dakatar da matsa iska. Wannan "fisss" ɗin da kake ji daga ƙarƙashin tirela tana tsaye inji na aiki, galibi lokacin ne, na'urar tsotse laima ce take tofar da ruwan da ta tara. Gwamna ba zai sake ba da umarni ba sai matsin ya sauka zuwa wajen 100. Lambobin sukan ɗan bambanta daga mota zuwa mota, wasu sun ɗara haka kaɗan, amma tazarar nan ta psi 20 zuwa 25 tsakanin tsayawa da tashi tana nan a ko'ina.

Ga birki wannan tsari ba shi da aibu. Ko a 100 birki yana ci sosai. Fitilar gargaɗi ba ta kunnuwa sai matsin ya gangaro wajen 60, in kuma ya ci gaba da sauka zuwa tsakanin 45 da 20, wasu ƙaƙƙarfan sifirin da iska ke danne da su sai su kufce su damƙe ƙafafun baya. Wato in iska ta ƙare motar tsayawa take yi, ba guduwa ba. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Sai dai duk wanda ya tsara ta birki ne a ransa, ba taya ba.

Yanzu mu dawo ga mutuminmu da ke tsugune. Tayarsa tana 104, yana son ta kai 110. Tanki ya cika, yana 125. Tazara 21 ke nan, iska ta fara shiga da ƙarfinta. Amma tayar nan babbar aba ce, cikinta ya kai wajen lita 120, saboda haka kafin ta hau psi biyu ko uku tankin ya faɗo da yawa. Taya na hawa, tanki na sauka, gudun iskar na raguwa, har su haɗu a wajen 108 su tsaya suna kallon juna. Kwamfiresa fa? Tana hutawa abinta, domin a wurin gwamna 108 lafiya lau ne, bai ga 100 ba tukuna. In kuwa aka yi rashin sa'a tankin yana 102 lokacin da aka jona tiyo, to gangaren ya juya: in babu bawul mai hana komawa baya, tayar ce za ta ciyar da tanki.

Masu motocin sun gano yadda za su yi wa gwamna wayo. Sukan saki iskar tankin da gangan, ta bawul ɗin zubar da ruwa ko ta bakin tiyon, har ya faɗo ƙasa da 100 kwamfiresa ta tashi. Sai su jira allura ta haura matsin tayar sannan su jona, su ci moriyar 'yan daƙiƙun da tankin yake sama da taya. In gwamna ya sake tsayar da ita, a sake saki. Taya shida ko takwas a haka, ka ga aiki ne na mai haƙuri. Dole a sa wa ƙafafun motar waigi kafin a fara, dole kuma inji ya yi ta aiki, alhali da sassafe ya kamata a gwada taya, lokacin da maƙwabta a sansanin da aka yada zango suke barci. Akwai na'urar da ake sayarwa mai ninka matsi, wadda ke cin wani kaso na iskar tankin don ta ƙara matse sauran. Akwai kuma masu taɓa saitin gwamnan su ɗaga shi. Wannan na ƙarshen ni dai ban ga hikimarsa ba: bawul ɗin kariya na tanki a 150 yake buɗewa, kuma taɓa abin da birki ya dogara da shi saboda taya ciniki ne marar riba.

Ƙananan motocin gida ma ba su da wannan zaɓin gaba ɗaya. Waɗanda aka gina a kan Ford a Amurka, ko Fiat Ducato da Mercedes Sprinter a Turai, birkin mai suke amfani da shi kamar sauran ƙananan motoci, babu tankin iska a jikinsu. Amma tayoyinsu ma kan nemi har bar 5.5, wato psi 80, kuma ba kowane famfon gidan mai ne ke kai wa nan ba.

Lambar da ke jikin kwali

To sai a koma ga kwamfiresar hannu. A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, saboda lamba ɗaya suke dubawa. Za ka ga 'yar mitsitsiyar na'ura mai araha an rubuta mata 250 ko 300 psi da manyan haruffa. Ba lallai ƙarya ba ce: in ka toshe bakinta ta yiwu allurarta ta kai can. Amma taya ba matsi kaɗai take nema ba, tana neman iska mai yawa a wannan matsin.

Mu yi lissafi. Taya mai lita 120, kana son ka ƙara mata psi 10. Ka ninka 120 da 10 ka raba da 14.7, zai ba ka kusan lita 82 na iskar waje da dole a zuƙa a cusa. In daga babu za ka cika ta zuwa 110, kusan lita 900 ne. Ana auna saurin kwamfiresa da lita a minti, ko da haruffan CFM a Amurka, inda CFM 1 yake lita 28 da ɗoriya. Na'urar da ke ba da lita 28 a minti za ta ƙara maka psi 10 ɗin nan cikin minti uku. Wadda ke ba da lita 8 sai ta yi minti goma a taya ɗaya, in ta rayu.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Saurin da aka rubuta a kwali galibi na lokacin da bakin na'urar yake buɗe ne, babu abin da ke ture iskar. Da matsi ya fara hawa saurin sai ya faɗi, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Fistan ba ya taɓa rufin silinda, dole a bar ɗan wuri a sama don kada su yi karo. Iskar da ta maƙale a wannan ɗan wuri ba ta fita zuwa taya. Da fistan ya juya ƙasa sai ta sake buɗewa ta cika wani ɓangare na silindar, sabuwar iska ba za ta samu shiga ba sai wannan tsohuwar ta gama miƙe ƙafa. A ce ɗan wurin kashi 5 cikin 100 ne na tafiyar fistan. A matsin tayar ƙaramar mota asarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma a 110, inda aka matse iska sau takwas da rabi, wannan kashi 5 zai iya kumbura ya cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na kowane zuƙo. Ƙara da cewa motar lantarkin da ke juya fistan tana rage gudu in kaya ya yi nauyi. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa mai sayarwa ita ce: lita nawa take bayarwa a psi 100? Kamfanonin kirki sukan buga jadawalin wannan. A kan tsauni abin ya fi muni, domin a gari kamar Denba, mai tsayin mita 1,600, iskar da ake zuƙa tun asali ta fi ta bakin teku sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Abu na biyu zafi ne. Wanda ya taɓa buga famfon keke ya san gindinsa kan yi zafi. Ƙarfin da ka sa wajen matse iska ba ya ɓacewa, zafi yake komawa, kuma da wannan zafin ne ma injin dizal yake kunna mansa ba tare da filogi ba. A lissafi, in ka matse iska mai digiri 30 sau takwas da rabi farat ɗaya ba tare da zafin ya samu hanyar fita ba, za ta haura digiri 280. A zahiri ƙarfen silinda yana kwashe wani kaso, amma duk da haka kan kwamfiresa yana ƙona hannu, kuma zoben roba da ke jikin fistan yana da iyakar abin da zai jure. Shi ya sa ake rubuta wa kowace na'ura rabon aikinta da hutunta, da kaso cikin ɗari. Misali, kamfanin Viair yana da guda biyu da aka yi don motocin gida, dukkansu suna kai wa psi 150. Ta farko, 400P-RV, ta fi sauri amma rabonta kashi 33 ne a psi 100, wato ta yi aiki kashi ɗaya ta huta kashi biyu. Ta biyun, 450P-RV, ta fi nawa amma kashi 100 ce, ba ta neman hutu. Ga mai ƙara psi uku-uku da safe ta farkon ta isa. Ga wanda zai cika manyan tayoyi da yawa a jere, mai nawar ce za ta riga gamawa.

Abu na uku wuta. Ramin caja na gaban mota fis ɗinsa amfiya 10 zuwa 15 ne a yawancin motoci, kwamfiresar kirki kuma tana iya jan 20 zuwa 30. Saboda haka masu ƙarfin kai tsaye ake maƙala su a kan batir, inji yana aiki. In ka ga wadda ake sokawa a ramin caja, ka san ta keke da ƙaramar mota ce. Wasu kuma sukan ɗauki irin ta kafintoci mai ɗan tanki, su ba ta wuta daga janaretan motar. Ita ma tana da nata gwamnan, don haka a duba inda take tashi: wadda ke tsayawa a 150 ta tashi a 120 kullum tana sama da taya mai 110, wadda ke tashi a 90 kuwa tsohuwar matsalar ce ta dawo a ƙaramin jiki.

Ruwa daga ina?

Iska mai digiri 30 tana iya riƙe kusan giram 30 na tururin ruwa a kowace mita ɗaya kubik. A ce ranar akwai laima kashi 70, wato giram 21. Ka matse mita takwas da rabi su koma ɗaya, ka tara giram 178 a wurin da ba ya ɗaukar fiye da 30 in ya huce. Sauran kusan giram 150 ɗin ruwa zai zama ya kwanta a gindin tanki. Shi ya sa ake zubar da ruwan tanki a kai a kai. A ƙasashen sanyi ruwan nan yana daskarewa a cikin bututun birki ya toshe shi.

Sanyin ne kuma ya ba kwamfiresar hannu aikinta na biyu. Kafin hunturu masu motocin sukan hura iska a bututun ruwan kicin da banɗaki don su kore ragowar ruwa, kada ya daskare ya fasa su. A nan ana rage matsin zuwa psi 30 ko 40, in ba haka ba iskar ce da kanta za ta fasa bututun. An fi son kwamfiresa marar mai, domin ta jikin inji da man inji take aiki, kuma ba wanda ke son ɗanɗanonsa a ruwan shayi.

Nawa za a sa, kuma yaushe?

Lambar da ke rubuce a gefen taya ba ita ce amsa ba, ita matsin da ake buƙata ne in an ɗora wa tayar iyakar kayan da za ta iya ɗauka. Hanyar da ta dace ita ce a auna motar da kayanta da ruwanta da mutanenta a kan sikelin manyan motoci, a duba jadawalin nauyi da matsi da kamfanoni irin su Michelin da Goodyear suke bugawa. A kuma gwada taya tana sanyi, kafin a yi tafiya, kafin rana ta doke ta.

Dalili kuwa, matsi yana bin zafi. Taya mai 110 a digiri 20, in tafiya ta ɗumama iskar cikinta zuwa digiri 50, geji zai nuna kusan 123. Wannan hawan ba cuta ba ne, masu ƙera taya sun sa shi a lissafinsu. Kuskuren shi ne a ga 123 a tsorata a rage. Direbobi da yawa, har da namu a lokacin bazara, sun yarda cewa rage iska yana hana taya yin bindiga, alhali akasin haka ne. Taya marar isasshiyar iska gefenta yana lanƙwasawa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasawar tana haifar da zafi, wayoyin ƙarfen ciki suna gajiya kamar yadda waya ke karyewa in ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. A ƙafafun baya masu tagwayen taya abin ya fi ɓoyuwa: ta ciki za ta sace ba a gani ba, ta waje ta ɗauki kayan biyu. Dokar da Amurka ta yi a 2000, wadda ta tilasta sa na'urar gargaɗin matsin taya a sababbin motoci daga 2007, ta tsaya ne a kan motocin da ba su wuce kilo 4,536 ba. Manyan motocin gida suna waje, sai dai mai ita ya saya ya sa da kansa.

Akwai kuma lokacin da bai kamata a jona kwamfiresa ba sam, ta mota ce ko ta hannu. Ƙa'idar masu ƙera taya ita ce, duk babbar tayar da aka yi tafiya da ita alhali iskarta ta sauka zuwa kashi 80 cikin 100 na abin da ya kamata ko ƙasa da haka, a ɗauke ta a matsayin wadda aka taka a sace. Ga taya mai 110, wannan 88 ne. A ido lafiyarta ƙalau, amma ta yiwu wayoyin gefenta sun riga sun gaji, kuma in aka sake cika ta sai gefen ya yage daga wuri ɗaya ya zarce kamar an zuge zif. Psi 110 kilo 7.7 ne a kan kowace santimita murabba'i, in ka tara faɗin gefen tayar gaba ɗaya ya kai wajen tan 40. Irin wannan taya cire ta ake yi a duba cikinta, a cika ta a cikin kejin ƙarfe. Ko a ƙarin iska na yau da kullum ma, ana amfani da bakin tiyo mai maƙalewa da kansa da tiyo mai tsawo, mutum ya tsaya ta ɓangaren da taya ke taka ƙasa, nesa kaɗan, ba ya tsuguna fuskarsa na kallon gefenta ba.